Yadda sauya albarushi ke raba maharba da yatsunsu a arewacin Zamfara

Wanda ya gaisa da kawuna ba zai lura da komai ba, domin hannun damansa lafiya lau yake. Sai ya zo ɗaure akuya ko zai riƙe buta sannan hannun hagun yake fitowa daga cikin riga. Babu babban yatsa, babu manuni. Sauran ukun sun lanƙwashe, ba sa miƙewa.

Ba 'yan bindiga ne suka harbe shi ba. Bindigar tokarsa ce, wadda ya yi fiye da shekara 20 yana farauta da ita a dazukan da ke tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi, ta tsage a hannunsa wani dare a ƙarshen shekarar 2021.

Bindigar ita ce dai ta kullum. Maharbin ma shi ne. Abu ɗaya ya sauya a ranar: albarushin da ya ɗura mata.

A ƙauyukan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda mutane suka daɗe suna kwana da bindigar toka a gefen tabarma saboda hare-hare, irin wannan rauni ba baƙon abu ba ne. Sai dai ba ya shiga labarai. Idan an kai hari ana ƙirga waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Wanda bindigarsa ta ci shi a bakin ganuwa ko a gefen gona, shi da iyalinsa ne kawai suka san abin da ya same su.

Lokacin da kasuwa ta daina ci

A watan Satumbar 2021 gwamnatin Zamfara ta lokacin, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun abinci da mai da bayanai. Kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis har mutanen Nijar na zuwa, tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Kawuna yana da mutum ɗaya da yake sayen albarushi a wurinsa tun yana saurayi, wani dattijo mai zagaya kasuwanni. Ya san launin kayansa, ya san kaurin ƙwayarsa, ya san ma'aunin da bindigarsa ke ɗauka. Da kasuwa ta tsaya, dattijon ya daina zuwa. Abin da ke cikin tandun kawu ya ƙare a daidai lokacin da aka raba wa magidanta kwanan gadi a bakin gari.

Wani matashi ya kawo masa wani gari a ƙulle cikin leda, ya ce ya fi na gargajiya ƙarfi, ba ya hayaƙi, kuma ba ya toshe bindiga. Duk abin da yaron ya faɗa gaskiya ne. Garin cikin harsashin zamani ne aka zazzage.

Kawu ya auna shi da ma'aunin da ya saba, ya ɗura, ya tafi gadi. Cikin dare aka ji motsi a cikin dawa, aka ce a yi harbi sama don a sanar da cewa gari ba barci yake ba. Ya ja kunama.

Da na je gaishe shi bayan an buɗe layukan waya, na tambaye shi, "Kawu, ashe bindigar ta tsufa haka?"

Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, bindiga ba ta da laihi. Ni nib ba ta abin da ba ta saba ci ba."

Me ke faruwa a cikin bututun?

Kowace bindiga, ta maƙeri ko ta kamfani, aikinta ɗaya ne. Ana kunna gari a cikin rufaffen bututu, garin ya ƙone ya zama iska mai tsananin zafi, iskar ta nemi hanyar fita. Idan komai ya tafi daidai, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta bakin bindiga, sai ta tura harsashi ko ƙarafan da aka ɗura su fita. Idan matsin ya fi ƙarfin bututun, sai iskar ta buɗe wa kanta wata ƙofa ta gefe ko ta baya. A gefen nan hannun hagun maharbi yake. A bayan nan kuma fuskarsa da idonsa suke.

Gari iri biyu ne a duniyar bindiga, kuma ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Na farko shi ne baƙin albarushi na gargajiya, mai hayaƙi da wari, wanda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana amfani da shi. Kusan rabin abin da aka ɗura ba ya zama iska, yana fita ne a matsayin hayaƙi ko ya maƙale a cikin bututu kamar toka. Wannan ne ya sa matsin da yake haifarwa ba ya yin tsanani sosai.

Na biyu shi ne garin zamani marar hayaƙi, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya ƙirƙiro a 1884. Shi kusan duka yake ƙonewa ya zama iska, kuma yadda matsi ke ƙaruwa a cikin bututu haka saurin ƙonewarsa ke ƙaruwa. Shi ne ke cikin harsasan sojoji da na 'yan sanda da kwanson bindigar farauta ta kanti.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, idan aka zuba garin zamani a ƙasa aka kunna masa wuta, yana ci ne a hankali, har mutum ya raina shi. Sai an rufe shi a cikin ƙarfe yake nuna halinsa. Kuma launi ba shaida ba ne, domin garin zamani da yawa shi ma baƙi ne ko ruwan toka.

Ko a ƙasashen da kamfanoni ke ƙera bindigogin ɗuri da ƙarfe mai inganci, gargaɗin da suke bugawa a jikin bututun shi ne kada a zuba musu garin zamani. Babu wani ɗan ma'auni da za a ce shi ne lafiya. Idan haka ne ga bindigar kamfani, ina ga wadda aka ƙera a maƙerar ƙauye?

Darasi daga masu ɗurin harsashi na Amurka

Domin a gane yadda ƙaramin sauyi ke da haɗari, yana da kyau a duba mutanen da suka fi kowa kayan aiki a wannan fanni.

A Amurka doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin bindigarsa a gida, kuma maharba da yawa suna yin haka. Harsashin zamani kashi huɗu ne: kwanso, da gari, da kan da ke fita, da makunni. Makunnin ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ke maƙale a gindin kwanso, faɗinsa milimita 5 da 'yan kai, bai kai ƙwayar masara ba. Idan allurar bindiga ta doke shi sai ya feso wuta cikin garin. Turawa na kiransa firaima.

Asalinsa ma daga farauta ne. Wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa, ya gaji da yadda tsuntsaye ke ganin walƙiyar bindigar ƙanƙara su tashi kafin harbi ya fita. A 1807 ya yi rajistar wata dabara ta kunna albarushi da sinadarin da ke kama wuta idan an doke shi. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla da ake ɗora wa bindigar ɗuri, daga baya kuma makunnin da ke cikin harsashin yau.

Kamfanoni irin su CCI da Federal da Winchester da Remington duk suna yin makunni, girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Amma wutar da suke fesowa ba ɗaya ba ce. Wani ya fi wani zafi, wani ya fi wani daɗewa yana ci. Akwai kuma wanda aka yi musamman don manyan harsasan da ake kira magnum, masu ɗaukar gari da yawa, waɗanda ake harbin manyan namun daji da su daga nesa.

A irin waɗannan harsasai matsin ba wasa ba ne. Harsashin .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, iyakar matsin da aka amince masa shi ne 64,000 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar wajen 32. Wato ninki 2,000 ke nan, a cikin ƙarfen da ke kusa da kuncin mutum.

A shekarun 2020 da 2021, lokacin annobar korona, makunni ya yi wuyar samu a Amurka. Mutane sun yi rububin sayen bindigogi da harsasai, kamfanin Remington kuma ya durƙushe a 2020. Maharbin da ya saba da makunnin wani kamfani sai ya tarar babu shi a kanti, sai na wani. Tambayar da ta yi ta yawo a tsakaninsu ita ce: in sa wannan a madadin wancan?

Amsar da littattafan kamfanonin ɗuri suka daɗe suna bayarwa ba ta sauya ba. Duk abin da ka sauya cikin huɗun nan, ko makunni ne kawai, to harsashinka ya zama sabo. Lissafin da ka saba da shi ya tashi aiki. Sai ka koma baya ka sake gwaji daga farko, kana bin abin da aka auna a ɗakin gwaji.

Waɗannan mutane ne masu sikelin da ke rarrabe abin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na giram ba. Suna da littafi, suna da tabarau na kare ido, bindigoginsu kuma injin kamfani ne ya ƙera su. Duk da haka suna tsoron sauya abin da bai kai ƙwayar masara ba.

Maharbin Moriki ko na Badarawa ba shi da sikeli, ba shi da littafi. Ma'auninsa tafin hannu ne ko guntun kara. Kuma abin da yake sauyawa ba makunni kaɗai ba ne. Garin ma yana sauyawa, abin da yake ɗurawa a kansa ma haka, gwargwadon abin da ya samu a ranar.

Bututun da ba a taɓa gwadawa ba

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an shigo da ita birnin a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, kuma Sarki Babba Zaki ne ya fara ajiye dogarai masu bindiga. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a Zinder a ƙarni na 19. Sunan da Turawa ke kiran bindigar toka da shi ma ya samo asali ne daga 'yan kasuwar Denmak da suka riƙa sayar da ita a gaɓar tekun ƙasar Ghana ta yau.

Tun a wancan zamani an san bindigogin fatauci masu araha da ake kawowa Afirka da fashewa a hannu. A Ingila, inda aka ƙera da yawa daga cikinsu, majalisa ta kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham a 1813. Aikin gidan shi ne a ɗura wa kowane bututu fiye da abin da zai riƙa ɗauka, a harba shi a cikin rufaffen ɗaki babu mutum a kusa. Wanda ya tsira a buga masa hatimi. Wanda ya fashe ya fashe shi kaɗai. Gidan yana aiki har yau.

Bindigar da ake ƙerawa a ƙauyukanmu ba ta bi ta irin wannan ɗaki. Gwajinta na farko a hannun mai ita ake yin sa.

Maƙeranmu gwanaye ne, kuma bindiga ba ita ce asalin sana'arsu ba. Su ne masu yi mana garma da fartanya da lauje. Amma ba su da hanyar ganin abin da ke cikin ƙarfe. Sau da yawa bututun da ake samu an yi shi ne don wani aiki daban, kamar fayif ɗin ruwa, wanda yake da ɗinki a tsawonsa. Ɗinkin nan shi ne wurin da ke fara buɗewa.

Ga kuma tsatsa. Tokar baƙin albarushi tana jan danshi, tana cin ƙarfe daga ciki. Bindigar da aka harba aka jingine ba a wanke ba, musamman da damina, tana iya yin kyau a ido alhali cikinta ya zama kamar tsohon kwanon rufi. Walda da aka yi wa tsagewa tana rufe wa ido tsagewar ne kawai.

Wani rahoto da cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Geneva ta fitar a 2018 ya nuna cewa ƙera bindiga a gida ya yaɗu a Najeriya, kuma rashin tsaro na cikin manyan abubuwan da ke ƙara buƙatarta. Idan masu nema sun yi yawa, maƙeri yana sauri, ƙarfe mai kyau yana ƙaranci, waɗanda ba su gama koyo ba ma suna buɗe tasu maƙerar.

Daga hannun maharba zuwa hannun kowa

A da, ba kowa ke riƙe bindiga ba. Farauta gado ce, tana da sarkinta, tana da ƙa'idojinta. Yaro yakan yi shekaru yana bin ubansa ko ubangidansa, yana ɗaukar tandu da buzu, kafin a bar shi ya ɗura. Kawu ya ce min abin da mahaifinsa ya fara koya masa shi ne, albarushin da ba ka sani ba baƙo ne, ba a shigar da shi ɗaki sai an san daga inda ya fito. Ya san wannan magana sarai. Tsoro da ƙarancin kaya ne suka sa ya taka ta.

Yau bindigar toka tana hannun manomi da ɗan acaɓa da ɗalibin da aka rufe makarantarsa. Da yawansu ba su taɓa bin maharbi daji ba. Sun saye ta ne ranar da aka sace maƙwabci.

Akwai kuskuren da tsoro kaɗai ke jawowa. Mutum ya ja kunama, bindiga ba ta tashi ba, amma cikin ƙarar harbe-harbe bai sani ba, sai ya sake ɗura wani a kan na farko. Wannan ba raunin mutanenmu ba ne kawai. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 a Amurka, an tsince bindigogin ɗuri fiye da 27,000 a fagen daga. Kimanin 24,000 a ɗure suke, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura musu fiye da sau ɗaya. An samu guda ɗaya mai ɗuri 23. Sojoji ne da aka horar, amma firgici ya sa suka yi ta cusawa ba tare da harbi ya fita ba.

Wani kuskuren shi ne leƙa bakin bindiga idan ta ƙi tashi. Albarushin da ya sha danshi, ko makunnin da bai da kyau, yakan jinkirta kafin ya kama. Daƙiƙun nan kaɗan ne suke isa mutum ya juyo da ita ya duba.

Sai kuma zuba albarushi kai-tsaye daga tandu bayan an gama harbi. Idan akwai sauran garwashi a cikin bututun, wuta tana bin garin ta hau zuwa tandun da ke hannu.

Me doka ta ce?

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke iya ba da lasisinsu. Akwai na ƙashin kai, kamar bindigar farauta ta kanti, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigogin ɗuri, wato su bindigar toka, waɗanda aka bar wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izini.

A watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta umarci mutanen jihar su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 da jihar ke da su a lokacin. Babban hafsan tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

A ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara mai mutum fiye da 2,600, bayan an ba su horo.

Duk wannan muhawara a kan wa ya cancanci riƙe bindiga take. Mutumin ƙauye kuwa ya riga ya riƙe tasa, kuma saboda ba shi da takarda, ba ya son kowa ya san da ita. Don haka ba ya tambaya a fili. Ba ya kai ta a duba. Idan ta ji masa ciwo ma yana ɓoyewa.

Tsoron asibiti

Kawu bai je asibiti a daren ba. Babu layin waya da za a kira mota, hanya kuma ba ta biyuwa da dare. Da gari ya waye aka ce a dakata, kada a je a faɗa hannun hukuma. Aka kira mai maganin gida ya ɗaure hannun. Sai a rana ta huɗu, da hannun ya kumbura ya fara wari, aka ɗauke shi.

Ma'aikacin lafiyar da ya karɓe shi ya faɗa wa iyalinsa cewa yatsu biyun da suka tafi ba su da dawowa tun a daren, amma da an zo da wuri da an ceci motsin sauran ukun.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun a watan Disambar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda ya samu raunin bindiga ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma ba tare da sai an ajiye kuɗi tukuna ba. Dokar ta ce asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Ta kuma ce kada a ci zarafin wanda ya taimaka ya kawo majinyacin.

Gaskiya ne za a yi tambayoyi daga baya. Amma tambaya tana ƙarewa, hannu kuwa ba ya tsirowa.

Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kowanne yana da babban asibiti. Raunin da ya fi ƙarfinsu akan tura shi Gusau, asibitin tarayya ko na Yariman Bakura, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Aikin ƙashi mai wuya yakan kai mutum asibitin ƙashi na Dala a Kano, na ido kuma cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna. Kowane mataki kuɗin mota ne, da kuɗin magani, da kwanakin da ba a je gona ba.

Idan tsautsayi ya auku

Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a kan irin wannan rauni ba shi da wuyar riƙewa:

A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. A ɗaga hannun sama da ƙirji.

Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko baƙin mai, ko garin magani a cikin raunin. Su ne ke jawo ruɓa.

Kada a ciro ƙarfen da ya shige jiki. Barinsa a wurin yana rage zubar jini har a isa asibiti.

Idan ido ne, kada a murza, kada a danna. A kife masa ɗan kofi mai tsabta a ɗaure a hankali.

Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ajiye ledar a wuri mai sanyi. Kada ƙanƙara ta taɓa naman kai-tsaye. A tafi da shi tare da majinyacin.

A nemi allurar tetanas ko da raunin ƙarami ne.

Kafin a kai ga nan kuwa, tsofaffin maharba da kamfanonin Turai bakinsu ɗaya a kan abubuwa kaɗan. Garin da aka zazzage daga harsashin zamani ba ya shiga bindigar toka, komai ƙanƙantarsa. Garin da ba a san asalinsa ba, ko wanda aka gauraya, ba a ɗura shi. Abin da ba don bindiga aka yi shi ba, ba ya zama makunni. Bututun da ya kumbura, ko ya tsage, ko aka yi masa walda, ya gama aiki. Bindigar da ta ƙi tashi ana barin bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira. Albarushi kuma ba ya kwana kusa da murhu ko inda yara ke kaiwa.

Wa zai faɗa musu?

Babu wanda ke jin daɗin ganin manomi yana kwana da bindiga. Maganin gaskiya shi ne tsaron da zai sa ya rataye ta ya koma gonarsa. Amma kafin ranar ta zo, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Sarakunan maharba da na maƙera suna nan a masarautun Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma ana jin maganarsu. Hakimai da limamai suna tara jama'a kowane mako. Gidajen rediyo suna kaiwa inda jami'i ba ya iya zuwa. Minti biyar na gargaɗi a kan garin zamani, da minti biyar a kan dokar 2017, ba za su ƙara bindiga ko ɗaya a daji ba. Za su iya rage yawan magidantan da ke komawa zaman gida.

Kawu ya daina farauta. Noma ma sai ya sa 'ya'yansa, domin fartanya hannu biyu take so. Babban ɗansa ya bar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda bayan shekara ɗaya, ya dawo ya riƙe gonar.

Bindigar tana nan a ɗakinsa, bututunta a buɗe kamar ɓawon gyaɗa. An sha ce masa ya ba maƙeri ya narka ta, ya ƙi. Duk saurayin da ya zo gaishe shi da bindiga a kafaɗa, sai ya sa a ɗauko ta a ajiye a gabansa, ya fito da hannun hagun ya ɗora kusa da ita, sannan ya tambaye shi me ya ɗura, kuma a wurin wa ya saya.